Rahoton Ayyukan Shekarar 2025: Gasar Fantasin Besbol ta Ƙungiya

Assalamu alaikum. 'Yan uwa membobi, manyanmu da ƙannenmu, na nan Amurka da masu bin gasar daga gida, ga rahoton kwamitin gudanarwa kan kakar da ta gabata.

Kakar 2025 ta buɗe a Tokyo ranar 18 ga Maris da karawar Dodgers da Cubs, sauran kulob-kulob suka biyo baya ranar 27 ga watan, aka rufe ranar 28 ga Satumba. Kowane ɗaya daga cikin kulob 30 na MLB, babban lig ɗin besbol na Amurka, yana da wasa 162 a jadawalinsa, kuma daga abin da 'yan wasa suka yi a waɗannan wasanni muke tara maki. Wasannin neman kofi da suka biyo baya, inda Dodgers ta doke Blue Jays a wasa na bakwai, ba sa cikin lissafinmu.

Bayan an rufe, kwamiti ya zauna ya bi tebur mako bayan mako. Abin da ya fito fili shi ne yawancinmu muna zuba ƙarfinmu duka a daren gwanjo, inda kowa ke sayen 'yan wasan tawagarsa, daga nan sai mu saki jiki. Tawagogin da suka ƙare a sama kuwa su ne waɗanda Lahadi ba ta wuce su ba sai sun duba wa ya ji rauni, wa aka ɗago daga ƙaramin lig, wa kocinsa ya fara ba shi zango na tara, wato zangon ƙarshe na wasa. Shi ya sa rahoton bana ya fi tsayawa a kan yadda ake riƙe tawaga tsawon wata shida.

Tsarin da muke bi

Saboda sababbin membobi, bari mu maimaita. Tsarinmu shi ne roto, wanda Daniel Okrent da abokansa suka kafa a New York a 1980, suna haɗuwa a gidan abinci na La Rôtisserie Française. Daga wurinsu aka gaji dala 260 da 'yan wasa 23 ga kowace tawaga. Su fanni takwas suke ƙirgawa, mu goma. Biyar na bugu: matsakaicin bugu, homran (bugun da ya tsallake katangar fili), cin da ɗan wasa ya kawo gida da ƙafarsa, cin da bugunsa ya jawo wato RBI, da satar tasha. Biyar na jifa: nasara, tsare nasara, kora (fitar da mai bugu da jifa uku masu kyau), ERA da WHIP. ERA ita ce cin da aka yi wa mai jifa da laifinsa, a ninka sau 9, a raba da yawan zangon da ya jefa. WHIP kuwa a haɗa bugun da aka samu a kansa da waɗanda ya ba tafiyar kyauta (wucewa tasha ta ɗaya bayan jifa huɗu marasa kyau), a raba da zango. A waɗannan biyun ƙaramar lamba ce ke ci.

Tawaga 12 ce a gasar. A kowane fanni na ɗaya yana samun maki 12, na ƙarshe maki 1, don haka iyakar abin da za a iya tarawa 120 ne. Wanda ya saba da fantasin Firimiya ya lura: a can mutum dubu na iya riƙe ɗan wasa ɗaya, a nan ɗan wasa ubangida ɗaya gare shi. Idan wani ya saye Aaron Judge, shi ke nan, sai dai a yi musaya.

Muna sake jaddada matsayin ƙungiya: dala 260 ɗin nan lambar lissafi ce kawai. Ba a zuba kuɗi, ba a cin kuɗi. Kofi ne da tsiya ta zumunci.

Gwanjo

An yi gwanjon bana cikin azumi, bayan tarawihi, ta bidiyo. Tazarar New York da Najeriya ko Nijar awa biyar ce a lokacin kaka, da Ghana awa huɗu, don haka membobin gida sun yi sahur ana tsaka da tayi. Kwamiti ya ji koken, za mu dawo kansa a ƙasa.

Gurabe 14 na masu bugu ne: masu cafewa 2, masu tsaron tasha ta ɗaya, ta biyu da ta uku, mai tsaron tsakanin ta biyu da ta uku, ƙarin mutum ɗaya na kusurwa, ƙarin ɗaya na tsakiya, 5 na bayan fili, sai gurbi ɗaya da kowa zai iya shiga. Sauran 9 na masu jifa ne. Ɗan wasa yana cancantar gurbi idan ya tsaya a wurin sau 20 a bara ko sau 10 a bana.

Kuɗin da ke ɗakin gaba ɗaya dala 3,120 ne, 'yan wasan da za a saya 276. Wannan lamba ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, kuma a nan sirrin gwanjo yake. Idan aka yi rububi a awa ta farko aka biya manyan sunaye fiye da ƙimarsu, dole ne 'yan tsakiya su yi araha daga baya, domin aljihun kowa ya yi sauƙi. Wanda ya iya haƙuri sai ya kwashi 'yan dala 18 a kan 12. Amma haƙurin yana da iyaka. Wanda ya tashi daga gwanjo da rarar dala 25 ya yi asarar babban ɗan wasa guda, don ragowar ba ta bin mutum gida.

Rabon da kwamiti ke ba da shawara shi ne kusan dala 175 ga masu bugu, 85 ga masu jifa. Dalilin fifita masu bugu shi ne sun fi tabbas, gwiwar hannun mai jifa kuwa ba ta da alƙawari. Ga misalin yadda za a yanka 175: manya biyu a kan 38 da 34, uku a kan 20, 19 da 17, uku a kan 12, 10 da 9, sauran shida kuma a raba musu dala 16. Na jifa: 25, 17, 12, 12, 8, 5, 3, 2, 1. Ba dole a bi shi ƙafa da ƙafa ba, amma a shiga da takarda. A kuma riƙa lissafin iyakar tayi: ragowar kuɗi, a cire dala ɗaya ga kowane gurbin da ya rage ban da wanda ake tayawa. Mai dala 30 da gurbi 8 ba zai wuce 23 ba. Idan ka san iyakar abokin tayinka, ka san inda zai tsaya.

Idan juyinka ya zo na kiran suna, a farkon dare ka kira manyan da ba ka so, kuɗin wasu su ƙare a kansu. A ƙarshen dare kada ka kira wanda ba za ka so ya faɗo hannunka ba, domin idan kowa ya yi shiru, naka ne a kan dala 1.

Masu bugu: abin da ake saya shi ne yawan fitowa

Huɗu daga cikin fannoni biyar na bugu tarawa ake yi, kuma ba a tarawa daga benci. Ɗan wasa mai matsakaicin hali da ke fitowa kullum yana bugu na biyu a jeri ya fi gwanin da ake ajiyewa duk ranar da bahago zai yi jifa. Har matsakaicin bugu ma yana bin yawan fitowa. Wanda ya yi .300 a fitowa 600 ya samu bugu 180, wanda ya yi .300 a fitowa 300 ya samu 90. Ga tawagar da ke kan .250, na farko ya ƙara mata bugu 30 a kan matsakaicinta, na biyu 15 kawai. Lamba ɗaya ce a takarda, amfanin kuwa rabi ne.

Satar tasha ta sauya tun 2023, lokacin da aka ƙara faɗin tasha daga inci 15 zuwa 18, aka kawo agogon jifa, aka kuma taƙaita sau nawa mai jifa zai juya ya nemi kama mai gudu. Daga 2,486 a 2022, sata ta tashi zuwa 3,503 a 2023. A bana Juan Soto, wanda bai taɓa wuce 12 a kaka ɗaya ba, ya saci 38 tare da homran 43. Josh Naylor, mai tsaron tasha ta ɗaya da ba wanda zai kira mai sauri, ya saci 30. Ma'anar wannan ga mai tawaga ita ce a daina ba gurbi ga wanda ba shi da komai sai gudu. A tattara 10 nan, 15 can daga masu bugun da ke kawo homran da RBI. Idan mai gudun nan guda ya ji ciwo a cinya, fannin gaba ɗaya ya tafi da shi.

Gurbin mai cafewa ya bambanta. Tawaga 12 sau 2 ya zama 24, alhali kulob 30 ne, kuma mai cafewa yana hutawa fiye da kowa. Cal Raleigh na Seattle ya buga homran 60 a bana, ya shafe tarihin masu cafewa na 48 da Salvador Perez ya kafa a 2021. Kwamiti yana jan kunne: farashinsa zai yi tashin gwauron zabi a baɗi, kuma wanda ya biya kuɗin homran 60 yana biyan abin da ya riga ya wuce ne.

Filin wasa ma yana da nasa rabon. Coors Field a Denver yana kan tudun da ya kai mita 1,600, iska ba ta da kauri, ƙwallo tana tafiya da nisa. Katangar dama ta filin Yankees ƙafa 314 ce kacal, abin da ke yi wa bahagwan masu bugu daɗi. A bana Athletics ta koma buga wasanninta na gida a West Sacramento, a filin ƙaramin lig, kuma masu bugu sun more shi.

Masu jifa

Nan ne aka fi tafka asara, nan kuma za mu daɗe.

Nasara fanni ne da mai jifa ba shi da cikakken iko a kansa. Idan shi ya fara wasan, sai ya jefa zango biyar, kulob ɗinsa yana kan gaba lokacin da aka cire shi, waɗanda suka karɓe shi kuma ba su zubar ba. Paul Skenes ya ƙare bana da ERA 1.97 da kora 216, ya lashe kyautar Cy Young ta gwanin mai jifa na shekara, amma nasara 10 da faɗuwa 10 ya samu, saboda Pittsburgh ba ta cin ƙwallo. Haka Jacob deGrom ya yi 1.70 da nasara 10 a 2018. Kada a sayi mai jifa saboda nasarorin bara. A duba kason masu bugun da yake kora, a cire kason waɗanda yake ba tafiyar kyauta. Matsakaicin lig yana wajen 14 cikin ɗari, wanda ya kai 20 ya isa a nema. Shafukan FanGraphs da Baseball Savant suna nuna wannan kyauta.

Rauni kuma ba ya sallama. Spencer Strider ya kori 281 a 2023, a 2024 wasa biyu ya fara aka yi masa aikin gwiwar hannu. Gerrit Cole ya yi nasa aikin a watan Maris na bana, bai jefa ko ɗaya ba a kakar. Wanda ya ɗora dala 70 a kan masu jifa biyu, sauran bakwai 'yan dala ɗaya da biyu, labari ɗaya daga asibiti ya isa ya rushe masa fanni huɗu.

Tsare nasara ya fi kowane fanni yaudara, domin koci ne ke ba da shi. Galibi ana rubuta shi ga wanda ya rufe wasa kulob ɗinsa yana gaba da ci uku ko ƙasa da haka, kuma wanda zai rufe, kocin ne ke zaɓa. Ku dubi bana kawai. Devin Williams ya zo Yankees a matsayin mai rufewa, kafin Afrilu ta ƙare an sauke shi. Ryan Helsley ya tsare 49 a St. Louis a 2024, a ƙarshen Yulin bana aka mayar da shi Mets, inda Edwin Díaz ke riƙe da zango na tara. Mason Miller ya koma San Diego ya tarar da Robert Suarez. Emmanuel Clase, mai 47 a 2024, MLB ta tura shi hutu a ƙarshen Yuli saboda binciken da ya shafi caca, Cade Smith ya gaje shi. Aroldis Chapman kuwa, wanda ake ganin ya tsufa, ya tsare 32 a Boston da ERA 1.17. Shawarar kwamiti: a sayi mai rufewa ɗaya da aka amince da shi, na biyu mai araha, na uku a nemo shi a kasuwar Lahadi. Mako biyu kafin ranar rufe cinikin MLB, wadda a 2025 ta kama 31 ga Yuli, a duba kulob ɗin da ba su da fata. Su ne ke sayar da masu rufewarsu, kuma wanda ke jefa zango na takwas a wurinsu ana ɗaukarsa da dala ɗaya kafin labari ya fito. Bayan ya fito sai 15.

Game da cusa masu jifa mako-mako don tara kora: kulob-kulob suna juya mutum biyar, saboda haka wanda ya fara wasan Litinin ko Talata yakan sake fitowa Asabar ko Lahadi. Fitowa biyu a mako abin so ne, amma a yi lissafi. Tawagar da ta jefa zango 1,300 a kan ERA 3.60 an ci ta 520. Mutum ɗaya ya shiga a ci shi 8 a zango 2, ta koma 3.65. A tsakiyar tebur inda tawagogi suke cunkushe, wannan tazarar tana iya zama maki biyu. Rockies ta yi nasara 43 da faɗuwa 119 a bana, amma a cusa mai jifa a kanta idan ta fita waje ne, ba a Denver ba. A ɗaya gefen, dokarmu ta zango 1,000 tana nan: tawagar da ba ta kai ba tana faɗuwa ƙasan tebur a ERA da WHIP, don kada wani ya cika gurabe tara da masu karɓa.

Kasuwar Lahadi

Kowace tawaga tana da dala 100 na tayi don kaka duka, wajen mako 26. Ana tayin a ɓoye, a buɗe daren Lahadi, a kulle jeri da wasan farko na Litinin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɓoyon kuɗin. Ɗan wasan da aka ɗauka a Afrilu zai yi aikin wata biyar, na Agusta wata ɗaya da 'yan kai, don haka rabin kuɗin ya kamata ya fita kafin ƙarshen Mayu. A bar kamar dala 15 don makon rufe cinikin MLB, da 'yan daloli na Satumba. A riƙa tayi da lamba mai kai, 7 maimakon 5, 12 maimakon 10, don mutane sun fi son lambobi masu cika. A kuma jera na biyu da na uku a ƙarƙashin kowane tayi, kada a wayi gari Litinin da gurbi fanko.

Ɗayan kuskuren shi ne gaggawar saki. Athletics ta ɗago Nick Kurtz a ƙarshen Afrilu, makonninsa na farko ba su yi armashi ba, sannan ya ƙare da homran 36 a wasa 117, har da huɗu a wasa ɗaya cikin Yuli. Kafin a saki mai bugu a yi tambaya uku. Yana fitowa kullum? Kora ta yi masa yawa fiye da yadda aka san shi? Yana buga ƙwallo da ƙarfi, wato gudun mil 95 a awa ko fiye? Ƙwallon da aka buga ta faɗa cikin fili, kusan kashi 29 zuwa 30 cikin ɗari ne ke tsira. Wanda nasa ya tsaya a 22 alhali yana bugu da ƙarfi, rashin sa'a ce, za ta warware. Wanda nasa ya kai 38 a Afrilu ba tare da ya taɓa yin haka ba, a nemi mai so tun farashinsa yana sama.

Jerin masu rauni na MLB kwana 10 ne ga masu bugu, 15 ga masu jifa, 60 ga babban rauni. Gurabenmu uku na rauni ba sa cin benci, saboda haka ɗaukar gwanin da ya kusa warkewa a ajiye shi a can riba ce da ba ta da tsada.

Musaya

An yi musaya kaɗan a bana, kuma kwamiti na ganin tsoron a yi wa mutum dariya ne ya jawo. A roto ba a auna musaya da girman suna, ana auna ta da tazarar tebur. Idan kana gaba da kowa da homran 40 saura mako takwas, homran na 41 ba ya ƙara maka komai. Idan kuma sata 6 ce tsakaninka da tawagogi uku da ke samanka, maki uku ne ke jiran ka a wurin. Ka ba da mai homran ka karɓi mai gudu, ko da mutane za su ce an cuce ka. Ka duba kuma wa kake ba: ya fi kyau homran ɗin su je wurin wanda zai tsallake abokin takararka a wannan fanni. Dokarmu ta dakatar da musaya awa 48 an yi ta ne don haɗin baki kaɗai.

Matsaloli da kuɗi

Babbar matsala ita ce tawagar da mai ita ya yi watsi da ita bayan Yuli. Ba kanta kaɗai take cuta ba. Idan masu rauni suka zauna a jerinta, waɗanda ke ƙasa da ita suna tsallake ta a banza, makin kuma yana shafar wa zai ɗauki kofi. Kwamiti yana kawo ƙuduri: wanda ya bar mai rauni a jeri mako uku a jere ba tare da uzuri ba, alƙalin gasa zai gyara masa jerin, kuma gurbinsa na baɗi zai koma ga na gaba a layin jira.

Gudummawar membobi ta tafi ne kan kuɗin dandali da kofi. Littafin ma'aji yana buɗe ga duk mai son dubawa a taro mai zuwa.

Shirin 2026

Kaka za ta buɗe ranar 25 ga Maris da wasan Yankees da Giants a San Francisco. Ana sa ran ƙaramar Sallah wajen 20 ga Maris, don haka kwamiti yana ba da shawarar a yi gwanjo ƙarshen makon da ya biyo bayanta, da ƙarfe 1 na rana agogon New York, wato 6 na yamma a Najeriya da Nijar, 5 a Ghana, tare da hutun sallar magariba. Gasar duniya ta besbol za ta gudana a farkon Maris, a sa ido kan masu jifan da za su je, a ga yadda suka dawo. MLB kuma za ta fara amfani da na'ura wajen ƙalubalantar hukuncin alƙalin bayan tasha, kowane kulob da dama biyu a wasa, abin da zai iya taɓa yawan kora da tafiyar kyauta.

Kafin gwanjo za a yi zaman gwaji ɗaya don sababbin membobi, kowa ya zo da takardar rabon dala 260 ɗinsa. Za a kaɗa ƙuri'a kan ƙudurin tawagar da aka yi watsi da ita da kuma lokacin gwanjo a taron watan Janairu. Mai gyara ko ƙari ya miƙa wa sakatare a rubuce kafin ranar.

Wassalam.
Kwamitin Gudanarwa